Ranar da Aka Yanka Na-dama

Kwanan baya da aka faɗi sakamakon zaɓe ina zaune a tsakar gida ina ɓarar gyaɗa, jikokina sun kewaye waya guda kamar kaji sun ga tsaba. Kafin in cika ƙwarya sun san abin da aka samu a garuruwan da ko sunansu ban iya faɗa ba. Wannan ya ja tsaki, wancan ya yi tsalle, suka ɗan taɓa musu, kafin la'asar kuma duk sun ɗunguma kallon ƙwallo tare. Na bi su da ido, na rasa murna zan taya su ko tausayinsu zan ji, don na ga abin bai shige su ba. Mu a namu zamanin labarin zaɓe a ƙafa yake zuwa, yana ɗingishi, yau a gutsura maka kaɗan, jibi a ƙara maka kaɗan. A tsakanin gutsuren farko da na ƙarshe ne gidanmu ya rasa san noma, kuma har yau idan na ji an ce "an faɗi sakamako" sai na tuna da shi.

Ƙauyenmu yana arewa da Kano, inda gona ke dafe da gona, ba wani dajin kirki a tsakani. Idan ka yi atishawa a gonarka maƙwabci ne zai ce maka yarhamukallahu daga tasa. Ƙasa ce da ta gaji, sai da taki take ba da abu, shi ya sa da rani jakuna ba sa hutawa da jigilar shara da toka. Shekarun nan kuwa ba mu daɗe da fita daga babban fari ba, wanda ya share rumbuna ya kashe dabbobi, har manyan mata suka riƙa tonon gidan tururuwa suna neman tsaba. Yaran yanzu idan an dafa tuwon dawa sai su ce ba su ci, a kawo taliya. Mu mun ci tafasa ba ƙuli, mun sha kunun dusa, mun kuma yi hamdala. A irin wannan hali Babanmu ya riƙa tafiya ci-rani birni, yana ga-ruwa da dako, yana ƙulle abin da ya samu, har Allah ya hore masa 'yan maruƙa biyu. Shi ya horar da su da kansa. Bai wahalar da kansa wajen neman suna ba, wanda yake ɗaurawa a hannun dama na karkiya ya ce masa Na-dama, ɗayan kuma Na-hagu, kuma tun daga ranar farko bai taɓa sauya musu gefe ba.

Waɗannan shanu su ne suka tsayar da gidanmu da ƙafarsa. Da damina su yi mana huɗa, su yi wa mutane a biya mu da hatsi, da rani su ja amalanken taki. Sautin safiyar gidanmu har yanzu yana kunnena: luguden Inna da maƙwabciyarta a turmi guda, kukan kurciya a kan gawo, kacau-kacau ɗin sarƙar garma, da muryar Baba yana yi wa shanunsa magana kamar mutane. Mu 'ya'yansa ba ma samun rabin hirar da yake yi da su. Inna takan ce, "Malam, da shanun nan suna salla da tuni ka ba su limanci." Shi kuma ya ce, "Ai sun fi wasu tsayuwa a sahu." Kanwa da ya samu sai ya jiƙa musu kafin a sa a miya, kuma idan ƙuda ya dame su shi ne zai rasa sukuni.

Amma akwai wani abu da Baba yake ƙauna kusa da shanun nan, shi ne siyasar talakawa. A gadon bayansa akwai tabo dogaye, waɗanda muke gani idan ya tuɓe riga a gona. Tun yana saurayi aka yi masa su, a ƙofar gidan wani mai sarauta, saboda ya ƙi zuwa noman tilas ya tafi sauraron lacca. An ɗaure shi a rana, an zane shi a gaban jama'a. A ranar, jini na bin bayansa, ya yi bakance cewa duk ranar da mutumin talakawa ya hau mulkin ƙasar nan, zai yanka sa ya ciyar da gari. Lokacin ko kaza ba shi da ita, mutane suka yi ta dariya. Shekaru suka shuɗe, soja suka zo suka daɗe, kowa ya manta da maganar ban da shi. Da aka ce an dawo da siyasa, kuma mutumin da ya bi tun yana saurayi ya fito neman shugabancin ƙasa, sai Baba ya koma yaro. Ya liƙa hoton mutumin a zaure, ya riƙa share masa ƙura da hannun riga.

Ni a daminar nan ina gida wankan jego, na haifi ɗana na fari, don haka komai a idona aka yi. Kuma a shekarar ne aka fara cewa mata su fito su jefa ƙuri'a. Yanzu wannan ba labari ba ne, amma a lokacin sai da malamai suka yi ta kai-kawo a kansa. Baba ya ce ko mai jego sai ta fita. Inna ta yi mana lalle kamar za mu biki, ta ciro zanenta na ƙasan adaka. A filin makarantar firamare muka tarar da layin mata har bakin rijiya, wasu rabon da a ga juna tun ana 'yan mata, sai gaishe-gaishe da tambayar 'ya'ya, har malamin zaɓe ya gaji da cewa a yi shiru. Inna ta dangwala yatsa inda aka koya mata, ta daɗe tana duban tawadar a kan jan lallenta. A hanyar komawa ta ce mini, "To, mun jefa namu tsinken. Sai mu jira kashinmu."

Sai na bayyana wannan magana, don yaran yanzu ba su san ta ba. Mu a wurinmu kalmar ƙuri'a ta girmi zaɓe nesa ba kusa ba. Idan an yi watanda, wato gidaje sun haɗu sun yanka dabba, mahauci zai kasa naman kashi-kashi a kan ganye, kowane kashi da tsokarsa da ƙashinsa da ɗan kayan cikinsa. Sai kowane gida ya kawo tsinke da alamarsa, a tara, a kira wani mai wucewa wanda bai ga lokacin da ake kasawa ba, ya bi yana jefa tsinke a kan kowane kashi. Inda naka ya faɗa shi ne rabonka. Haka ake yi a rabon gonar gado idan 'yan'uwa sun kasa daidaitawa. Wani kashin ya fi wani maiƙo, wannan kuma sa'a ce, amma ba a taɓa jin wanda ya ba da tsinke ya koma gida hannu rabbana ba. Wannan ita ce ƙuri'ar da Inna ta sani, kuma ba ita kaɗai ba, yawancin matan da ke layin nan haka suka ɗauki abin.

Rediyo ɗaya ce a unguwarmu, ta Baffa, ƙanin Baba, wanda yake fataucin fatu zuwa birni, shi ne kuma wanda ya fi kowa a gidan ganin duniya, don ya taɓa shiga jirgin ƙasa har kudu. Bayan zaɓe zaurenmu ya zama kasuwa. Ga marka, ruwa ba ya ɗaukewa, gero ya fitar da kai amma bai nuna ba, lokacin da yunwa ta fi cizo ke nan. Maza su dawo daga gona jiƙe su zauna su sa rediyo a tsakiya, mu kuma mata muna bayan zana muna kasa kunne. Batir ya yi sanyi a shanya shi a rana idan ta leƙo. Wata safiya da hantsi sai muka ji zauren ya ɗauki kabbara. An faɗi na Kano. Mutuminmu ya share ta tas, sauran ko ƙurarsa ba su hango ba. Guɗa ta tashi daga gida zuwa gida har ƙarshen gari.

Baba ya shigo tsakar gida, fuskarsa kamar ranar da aka ce masa na sauka lafiya. Bai zauna ba, ya nufi turke. Baffa ya biyo shi da rediyo a hannu.

"Yaya, ina za ka?"

"Zan sauke nauyin da na ɗauka."

"Yaya, na Kano kaɗai aka faɗa. Akwai sauran jihohi, ba a ce komai a kansu ba."

Baba ya juyo yana dariya. "Auta, bayan Kano akwai wani gari ne? Ka je Bagwai, wa suka yi? Ka je Zakirai, wa suka yi? Birni fa? Ka nuna mini mutum goma da ba su yi shi ba."

"Ƙasar nan da faɗi, Yaya. Na kwana na wuni a jirgi ban ga ƙarshenta ba, kuma mutanen can ko sunansa ba su iya faɗa ba."

"Can ɗin babu talakawa ne?"

"Akwai."

"To talaka zai ga nasa ya zaɓi na wani? Kai dai tafiye-tafiye sun sa maka tsoro."

Inna ta fito daga madafa tana goge hannu. A hankali ta ce, "Malam, ba a gama huɗar dawa ba. Ka bari kaka ta yi, ko ka yanka tunkiyar nan, Allah ai ya san niyya." Baba ya ce, "Sa na ce, ban ce tunkiya ba. Ya cika mini nasa, ni zan ce masa ya jira kaka?" Ba wauta ce ta ja shi ba, ina so a fahimci wannan. Mutum ne da duk duniyarsa ba ta wuce tafiyar jaki ba, kuma a cikin wannan duniya kowa da kowa abu ɗaya ya zaɓa. Ni kaina a ranar ina bayansa, har haushin Baffa na ji, na ce a raina mai baƙin baki.

Ya daɗe a tsaye tsakanin shanun biyu. Daga baya ya kwance Na-dama, don shi ya fi ƙiba, ya ce ba a kai wa Allah abin da ya fi rama. Ya shafa masa tozo, ya yi masa magana a kunne, ya ja shi zuwa gindin tsamiyar ƙofar gida. Na-hagu ya bi su da kuka har igiya ta tsayar da shi. Aka kira mahauci, gari ya taru. Aka kasa nama a kan ganyen gamji, gida-gida, har da gidajen nan biyu da kowa ya san wata jam'iyyar suka yi, don Baba ya ce ranar farin ciki ba a ware kowa. Aka tara tsinke, wani mai tallan gishiri da ya zo wucewa ya jefa. Gidajen da rabonsu da nama tun layya suka ɗora tukunya, ƙamshi ya cika gari, 'yan mata suka yi gaɗa a cikin yayyafi. Ƙafafun kuwa ba a sa su a kashi ba, Baba ya ce na mai jego ne. Inna ta dafa mini ƙauri da yaji da kanwa, Baba ya kawo mini da hannunsa ya ce, "Uwata, ci ki ƙoshi, ɗanki zai tashi a ƙasar da ba a dukan talaka." Na ci, na sha romo har na yi gumi. Ban taɓa cin abu mai daɗinsa ba, kuma tun daga shekarar ban ƙara iya cin ƙauri ba.

Kwanakin da suka biyo baya rediyo ta ci gaba da gutsuro labari. A faɗi wata jiha, sai a ji mutuminmu can ƙasa. A faɗi wata, ko ambatonsa da ƙyar. Baba ya ce waɗannan ƙananan wurare ne. Zauren ya fara raguwa da surutu, masu zuwa suka riƙa zama nesa da juna. Ran nan bayan azahar, rana ta ɗan buɗe, ina shanya tsumman jariri, sai na ji an sa wannan kiɗan da ake sawa kafin babbar sanarwa. Wani ya yi dogon Turanci, sannan aka fassara. Aka faɗi sunan wanda ya ci. Ba namu ba ne. Namu ko na biyu bai zo ba, ko na uku.

Na leƙa ta ramin zana. Baba yana zaune, carbi a hannu amma ba ya ja, bakinsa a ɗan buɗe. Can ya ce, "Auta, murɗa wata tashar. Wannan ta yi kuskure." Baffa ya murɗa, aka maimaita magana ɗaya. Baba ya ce, "To ƙuri'un Kano fa, ina aka kai su?" Baffa ya ce, "An ƙirga su, Yaya. Na wasu ne suka fi yawa." Baba ya dubi mutanen zauren ɗaya bayan ɗaya, kamar yana neman wanda zai ce wasa ake yi. Kowa ya sunkuyar da kai, kowa da naman Na-dama a cikinsa. Ni kuma na zauna a kan turmi da jiƙaƙƙen tsumma a hannu. Tsoro ne ya kama ni, na ganin ashe akwai mutane masu ɗimbin yawa haka a ƙasar nan da ba mu san su ba, ba su san mu ba, kuma su ne za su yanke mana.

Inna, wadda ba ta taɓa sa baki a maganar zaure ba, ta matsa jikin zana ta kira Baffa.

"Auta, na ji an ce wancan ya ci. To shi ke nan, Allah ya ba shi kashi mai maiƙo. Mu namu kashin fa?"

"Wane kashi, Yaya?"

"Na waɗanda suka jefa wa namu. Duk Kano fa muka jefa."

Baffa ya ce, "Ai babu. Wanda ya ci shi ke ɗauka duka."

"Duka? Mu da muka ba da tsinke fa?"

"Sai haƙuri, sai wani zaɓen."

Inna ta dubi yatsanta, tawadar ba ta gama fita ba. Ta ce, "To ai wannan ba ƙuri'a ba ce, caca ce. Don me ba a gaya mana sunanta na gaskiya ba tun farko?"

Ba da Baba take ba, na tabbata, mamakinta kawai take faɗa. Amma ya ji. Mutumin da ko dara ba ya bari a yi a ƙofar gidansa, wanda ya taɓa korar ɗan'uwansa daga zaure saboda karta, yau matarsa ta faɗi sunan abin da ya zuba sansa a ciki. Na ga ya runtse ido kamar an sake sauke masa bulala. Ya tashi ya shigo gida, ya wuce mu bai dubi kowa ba, ya je turke ya tsaya. Turke biyu, sa ɗaya. A nan la'asar ta same shi, kuma ranar a gida ya yi sallarsa.

Sa ɗaya ba ya jan garma. Baba ya aro na wani, amma shi ma ɗan hagu ne, suka yi ta ture juna, kunyoyi suka fito a karkace har masu wucewa suna tsayawa kallo. Ya mayar, ya ɗauki garmar hannu, shi da ƙannena suka ƙarasa abin da suka iya, sauran dawar ciyawa ta cinye. Masu ba mu huɗa suka koma wajen wasu. Ba wanda ya yi masa gori a gari, kowa ya ci ai, amma da ma sun yi, da ya fi masa sauƙi a kan irin gaisuwar tausayin da suka riƙa yi masa. Hoton zaure bai cire ba, bai kuma ƙara share shi ba. Hirar da yake yi da shanu ta ɗauke. Da aka tambayi liman ko bakancen ya sauka tunda abin bai tabbata ba, Baba ya ce a bar maganar, shi da Ubangijinsa ne.

Da na yi arba'in aka shirya mayar da ni ɗakina, ranar ta dace da kasuwar Bagwai, kuma ƙauyen mijina a kan hanyar yake. A ranar Baba ya yanke shawarar sayar da Na-hagu, don ba abin ciyar da san da ba ya aiki. Muka fito da sassafe, ni da goyo, Inna da ƙwaryar gara a kai, Baba da sa a gaba. Hanyar burtali ce mai faɗi, gero ya yi bango dama da hagu. Sai na lura Na-hagu ba ya bin tsakiyar hanya. Ya raɓe gefen hagu har kafaɗarsa na gogar karan gero, ya bar fili a damansa daidai faɗin sa guda, yana tafiya yana waiwayen wurin. Baba ya ja igiya ya dawo da shi tsakiya, ya sake komawa. Ya sake ja, ya sake komawa.

Baba ya tsaya, muka tsaya. Tun da ya horar da su, a bayan shanun nan yake tafiya, riƙe da garma. Na ga ya naɗe igiyar a hannu, ya zagaya, ya shiga filin nan na dama, ya jera kafaɗa da san, ya ɗora hannu a wuyansa inda karkiya ta yi kanta. Na-hagu ya daina waiwaye. Suka ci gaba da tafiya tare, ƙafa da ƙafa.

Inna ta gyara ƙwaryar kanta, ta ce mini ƙasa-ƙasa, "Kada ki yi kuka da goyo a baya." Ita kuma nata hawayen har haɓa. Haka muka bi su a baya har mararrabar da zan rabu da su, Baba bai fita daga gurbin Na-dama ba.